Motar gidanmu, sati na 9: rufi, batir da ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyaran mota ta zama ɗaki. Kwana biyu ban kawo labari ba, dalili mun koma cikin Hiace ɗin gaba ɗaya, ni da maman yara da yaran biyu, babban shekara 4 ƙaramar 2. Ina bin kasuwanni da keken ɗinki, alhamis kasuwar Dole a nan Zinder, lahadi Mirya, wani lokaci mu miƙa har Gidimuni mu kwana bakin ruwa.

Abin da nake so in faɗa ma duk wanda bai fara ba, dan Allah ka fara da rufi kafin gado, kafin kabad, kafin komi. Ni gado na fara yi kuma nayi nadama. Watan Afirilu a Damagaram zafi na wuce 40, ƙarfen saman motar nan kuwa da azahar ko hannu baka iya ɗorawa, daren farko ƙaramar tayi ta kuka har wajen ƙarfe biyu jikinta duk ƙurajen zafi, sai da muka shimfiɗa tabarma waje, wallahi ranar hankalina ya tashi sosai. Washegari na kwance silin, na manna soso mai kauri a jikin ƙarfen, na bar ɗan fili na iska sannan na rufe da siririn katako. Saman kuma na shafa farin fenti. Mai walda ya ɗaga min ƙarafan kaya sama kamar taƙi ɗaya, panon sola ya hau kai, sauran wurin na ɗaure tabarmar kaba, to yanzu rana bata dukan ƙarfen kai tsaye, iska na bi ta tsakani. Bambancin ba kaɗan bane.

Batir. Nawa 12V ne 100Ah, lissafin 12 sau 100 ya bada 1200Wh, wato wutar wat 1200 ta awa ɗaya, amma irin namu na acid in kana shanye fiye da rabi kullum bazai daɗe ba, kenan 600 ne naka. Fanka biyu na 12V kowace wat 15, awa 10 na dare, 300 sun tafi. Ƙwan fitila da cajin waya su ci kamar 100. Shi yasa na haƙura da firjin da naso saka, pano ɗaya na wat 200 bazai ɗauka ba, musamman da ƙurar nan tamu, kullum da safe sai na goge shi da tsumma. Kuma ku sa fiyus kusa da kan batir, ku rufe shi cikin akwati mai huji ta waje, yaro hannunsa ko'ina yake kai.

Ruwa kam ɗan Zinder ba sai an koya mashi tattali ba. Bido huɗu na lita 25, wato kilo 100, da farko can baya na jera su motar tana rawa a kan hanya, yanzu na dawo dasu ƙasan gado tsakiya na ɗaure da igiyar roba. Suna kai mu kwana uku in ba wanki. Na sayi tulu a Mirya don ruwan sanyi, rami ɗaya muka faɗa ya fashe, sai maman yara ta kawo dabara, ta ɗinka ma bido ɗaya rigar buhun algarara tana jiƙa shi mu rataya inuwa.

Girki waje muke yi ƙarƙashin tampol, gawayi baya shiga motar ko da sanyi ne, hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci a wuri rufe.

Abin da ya rage kafin damina: raga a tagogi saboda sauro, da bel na kujerar yara, don har yanzu uwarsu ke riƙe ƙaramar a cinya kuma raina bai kwanta da haka ba. Akwai kuma wurin da ruwa zai iya yoyo inda aka huda rufi don wayar sola. Wanda ya taɓa toshe irin wannan huji ya riƙe damina guda, da me ya toshe?