Rumfar ƙera bodin mota da na gina a bayan gidana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina walda a ƙarƙashin maigidana, a garejinsa da ke bakin hanyar Jega, kafin ya yaye ni. Ranar da ya sa mini albarka ya tambaye ni inda zan zauna. Na ce masa a gida. Akwai fili a bayan gidanmu a Badariya, cikin Birnin Kebbi, inda mahaifiyata take ɗaure awaki tana shuka kuɓewa da damina, kuma bakinsa yana kallon layin da mota za ta iya shigowa. Kuɗin hayar shago na shekara biyu sun kusa isa ƙarfen rumfa, shi ya sa na zaɓi in kafa abin da zai zama nawa.

Aiki kuwa akwai shi. Tun watan Nuwamba na 2015, da Shugaba Buhari ya zo garin nan ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance, jigilar shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta ƙaru ƙwarai, daga fadama zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa manyan injinan casa na Birnin Kebbi da Argungu. Mai motar ɗaukar kaya ƙirar kanta yana son a ɗaga masa bodi ya ci buhuna da yawa. Mai tarakta yana son tirela. Masu ɗauko albasa daga Aliero suna son gefe mai tsaga-tsaga don iska ta riƙa ratsa kayan. Ga masu babur mai ƙafa uku, waɗanda kullum bayansu a karye yake saboda lodi.

A farkon 2023 na tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, sayen ƙarfe, daidai lokacin da takardar naira ta yi wuya saboda canjin kuɗi. Kwana biyu na ƙara a kan abin da na shirya, ina jiran kuɗin da na tura ta waya su shiga. Duk inda za ka sayi ƙarfe, ka tafi da ma'aunin kauri a aljihunka, ka gwada da hannunka. Ido ba ya raba milimita uku da biyu da rabi, amma iska da nauyi suna rabawa.

Rumfar ƙafa 40 ce a tsawo, 24 a faɗi, tsayinta ƙafa 14 don kanta mai dogon bodi ta shiga ba tare da an sace iskar taya ba. Ginshiƙai na bututun inci huɗu ne. Kowanne na yi masa faranti a gindi, na ɗaure shi da kusoshi masu noti a kan kankaren da ya nutse ƙafa uku a ƙasa. Gabas da arewa na toshe su da bulo, saboda guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Kudu na bar shi a buɗe. Tsakanin kan bango da rufi na bar tazarar kamu biyu, hayaƙi da zafi su sami hanyar fita, don wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu ya san zafi yana haura digiri 40, balle a ƙarƙashin kwano, da garkuwar walda a fuska. Kwanon kuma da ƙugiyoyi masu noti na kama shi. A daminar farko iska ta kwashe rufin gidaje a layinmu, nawa bai motsa ba, alhamdu lillahi.

Inda na yi kuskure shi ne ƙasa.

Kuɗi sun yi ƙasa, ga injin walda da injin gurza da janareto duk ban saya ba. Sai na ce ai daɓe ba ya walda. Na sa aka zuba jan burji, aka daddaɓe, birkila ya shafe shi da siminti kaurin inci biyu, ya goge ya yi sumul. Da ka shigo sai ka ce falon gida.

Aikina na farko babba bodin kanta ne na wani Alhaji mai fataucin shinkafa daga wajen Argungu. A ƙasa na shimfiɗa ƙarafan gindin bodin, kamar yadda na saba gani. Na sa sukwaya, ma'aunin daidaiton kusurwa, a kusurwa huɗu. Na ja tef daga wannan kusurwa zuwa kishiyarta, na sake ja ta ɗaya ɓangaren, awo ya zo ɗaya. Na ɗiɗɗiga walda, na sake gwadawa, sannan na ƙone shi gaba ɗaya, na tada gefuna, na rataya ƙofar baya. Kwana tara muna kai ni da yarona. Ranar da muka tara matasan unguwa aka ɗora shi a kan shasi, wato ƙarafan gindin motar da bodi ke zama a kansu, sai kusurwar baya ta hagu ta tsaya a sama, yatsu biyu suna shiga tsakaninta da shasi. Da muka matse ta da ƙarfi ta zauna, sai ƙofar baya ta ƙi rufuwa, sakatar ta goce wa raminta.

Na rasa inda matsalar take, don awona bai yi ƙarya ba. Da la'asar na hau babur na je na ɗauko maigidana. Ya zagaya motar sau ɗaya, bai taɓa bodin ba. Ƙasa ya tsaya yana kallo, wurin da jak ya fasa simintin ya lotsa.

"Kawo mini siririn tiyo, irin wanda ake ganin ruwa a ciki," in ji shi.

Ya cika shi da ruwa, ya ba ni baki ɗaya na riƙe a jikin ginshiƙin gabas, shi ya tafi da ɗayan ƙarshen rumfar. Ruwa a tiyo tsayinsa ɗaya ne a baki biyu, ko ina ka kai shi. Muka yi alama da alli, muka auna daga alamar zuwa ƙasa a wuri huɗun da gindin bodin ya kwanta. Kusurwa ɗaya ta faɗa da inci ɗaya da rabi.

Na ce, "Baba, amma na gwada tsallake biyu, sun zo daidai."

Ya ce, "Yaro, tef ya gaya maka kusurwarka ta miƙe. Bai gaya maka ko abin ya murɗe ba. Ɗauko zare."

Ya ɗaura zare biyu a kan bodin, kowanne daga kusurwa zuwa kishiyarta, suka gicciye a tsakiya. Ya ce idan abu a shimfiɗe yake sosai, zaren nan biyu za su shafi juna a inda suka haɗu, ko ka sauya na sama ya koma ƙasa. Namu akwai rata a tsakaninsu da babban yatsa ke wucewa. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a garejinsa ban taɓa buƙatar wannan gwajin ba, saboda shi ya riga ya daidaita daɓensa tun kafin in zo, ni kuma ban taɓa tambayar dalilin da ya sa a wuri ɗaya kawai yake yarda a haɗa gindin bodi ba.

Kwana huɗu muka yi muna yanke waldar da muka yi da hannunmu. Wasu ƙarafan ba su sake moruwa ba. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne zuwa gaban mai mota, don lokacin girbin shinkafar rani ne, kowace rana da motarsa ta kwana a wurina asara ce gare shi. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne, kuma ba zan ƙara ko kwabo a kan cinikinmu ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, da ka rufe da fenti ka ba ni, da sai a hanya zan gane. Ka gyara a natse." Har yau yana kawo mini aiki, kuma shi ya turo mini mutum uku daga cikin waɗanda nake yi wa bodi yanzu.

Da motarsa ta fita na rufe rumfar, na fasa daɓen nan duka. Araha ba ta ado, na biya kuɗin ƙasa sau biyu. A karo na biyu mun haƙe, mun jera dutse, muka zuba burji kashi-kashi, kowane kashi a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara wani. Muka shimfiɗa leda, muka ɗora ragar rodi a kan 'yan duwatsu don ta zauna a tsakiyar kankare. Kaurinsa inci shida, haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Bayan sallar asuba muka fara zubawa don rana kada ta shanye ruwan kafin ya kama, kuma tiyon nan yana hannuna tun daga farko har ƙarshe. Kafin a zuba na binne dogayen ƙarfen canel, irin mai kwarmi a tsakiya, guda biyu, a jere, bayansu daidai da fuskar daɓe, na daidaita su da ruwa har sai da na gamsu. A kansu nake haɗa kowane gindin bodi yanzu, in ɗiga masa walda a jikinsu don kada zafi ya ja shi, in an gama in gurje. Na kuma binne zobba huɗu masu kauri na ɗaura sarƙa, saboda ranar da za a miƙar da abin da ya lanƙwashe. Muka rufe kankaren da buhunan algarara, safe da yamma ana jiƙa su, fiye da mako guda. Mota ba ta taka shi ba sai da ya cika kwana 28. Wata guda ke nan babu shigar kuɗi, maiɗakina ce ta riƙe gidan da sana'arta ta ƙuli-ƙuli, Allah ya saka mata da alheri.

Wutar lantarki ita ce matsala ta biyu. Na fara da tsohon injin walda irin naɗin gida, mai nauyi, wanda da ka kafa tsinken walda sai ƙwan lantarkin maƙwabta ya dushe. Wani dattijo maƙwabcina ya yi mini sallama a zaure ya ce, "Ɗana, sana'a muke so ka yi, amma firjin gidana yana kuka duk lokacin da ka fara." Gaskiyarsa ce. Na sayar da shi na sayi ƙaramin inji na zamani, wanda ake ratayawa a kafaɗa, yana cin wuta kaɗan, yana ƙona tsinke mai milimita 3.2 lafiya lau a wajen amfiya 110 zuwa 120. Na ja wa rumfar layinta daban da waya mai kauri da makashinta, aka kafa mata ƙarfen at, wato sandar da ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa, a wuri mai danshi. Aibin ƙaramin injin shi ne ba ya son ƙura, musamman garin ƙarfen da injin gurza ke fesowa, don haka nesa nake ajiye shi kuma duk Alhamis sai na hure cikinsa. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tada janareto ya zama abin da sai an yi lissafi. Shi ya koya mini tsara aiki: awo da alama da jera ƙarfe a lokacin da babu wuta, yanka da walda kuma a tara su a yi su a zama ɗaya.

Sauran kayan a hankali suka taru. Teburin aiki da farantin ƙarfe mai kaurin milimita goma, injin huda, guduma manya da ƙanana, da abin matse ƙarfe guda goma sha biyu waɗanda da kaina na ƙera su. Wani guntun ƙarfen dogo da kawuna ya ba ni shi ne uwar maƙerata. A kan mota kuwa, dokokin maigidana ban sauya ko ɗaya ba: a cire kan batir kafin a kunna inji, a maƙala wayar at ta injin walda kusa da inda ake walda, ba a walda a leɓen shasi kuma ba a huda shi, da kusoshi masu lanƙwasa ake ɗaure bodi, a sa katako a tsakani. Tankin mai kuma, ko an ce shekararsa guda babu komai a ciki, wuta ba ta kusantarsa a rumfata.

Abu guda ne gareji bai shirya ni da shi ba, wato yara. Wata rana ɗana mai shekara shida ya laɓe a bakin ƙofar da ta haɗa rumfar da tsakar gida, yana kallon hasken walda, ban sani ba. Cikin dare ya tashi da kuka, idanunsa jajur suna zubar da hawaye, yana cewa yashi ne a ciki. Na gane abin nan take, don ni ma ya taɓa kama ni ina yaron gareji: hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, kuma sai bayan sa'o'i yake nunawa. Aka fara kawo shawarar a ɗiga masa kaza da kaza, na hana, muka kai shi asibiti aka ba shi magani, bayan kwana biyu ya warware. Washegari na toshe ƙofar nan da bulo. Yanzu ni ma sai na fita ta zaure na zagayo ta layi nake shiga wurin aikina. Dannin kara da ke kusa da bangon na cire shi, na ajiye bokitan yashi biyu da tukunyar kashe gobara a bakin rumfa, kuma bayan waldar ƙarshe nakan zauna rabin sa'a ina share wuri ina sansanar iska kafin in kulle. Injin gurza ba ya tashi lokacin da ake sallah a masallacin layinmu, ba ya tashi bayan magariba.

Har yanzu da ƙarfin matasan unguwa muke ɗora bodi a kan mota, mutum goma ko fiye, kuma duk ranar da za a yi gabana faɗuwa yake don tsoron kada ƙafar wani ta shiga ƙarƙashi. Na riga na sayi babban ƙarfen da zan gicciya a sama in rataya sarƙar ɗaga kaya, yana nan kwance a gindin bangon arewa, na shafe shi da jan fenti saboda tsatsa. Ramukan ginshiƙansa biyu an haƙa su makon jiya, maigidana ya ce in jira shi ranar Asabar ya zo da tiyonsa kafin a zuba kankare.