Ranar da babur ɗina ya sha ruwa

Wata Litinin ce cikin watan Yulin 2023, ranar da za mu fara jarrabawar zango na uku, kuma takardun tambayoyin 'yan aji biyar suna cikin jakata. Daga gidana a Zariya zuwa makarantar ƙauyen da nake koyarwa tafiyar minti arba'in ce a kan babur, in hanya ba ta caɓe ba. An kwana ana tafka ruwa. Da ma a zaure babur ɗin yake kwana, amma a makon nan ƙanena ya jibge buhunan takinsa a ciki, sai na jingine shi a tsakar gida, jikin bango, ban ko ɗaga kai na ga cewa indararo na samansa ba.

Ƙarfe bakwai saura na goge sirdi, na murɗa makulli, na buga kik. Ya tashi, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Na sake bugawa, ya yi kamar zai kama, ya fasa. Daga nan kuma ko gezau. Na ɗaga cok, ɗan makunnin da ke rage wa injin iska, na buga, na sauke na buga. Na girgiza tanki na ji mai kaɗan ne a ciki, sai na mayar da makunnin mai kan rizab, wato man ajiya na gindin tanki, ina ganin na yi dabara. Na buga kik ya fi talatin, har rigar da uwargida ta goge mini ta jiƙe sharkaf.

Da na turo shi ƙofar gida, nan take majalisa ta haɗu. Maƙwabcina mai shayi ya ce fulogi ne, ba ya ko tantama. Wani ya ce batir. Wannan kam na san ba shi ba ne, don batirina ya fi wata huɗu da mutuwa, hon ma ba ya yi, amma kullum da kik nake tayar da abina lafiya lau. Na aiki yaro ya sayo sabon fulogi, na ɗaura, na buga. Shiru. Yaran unguwa suka tura ni a giya ta biyu har bakin titi, na saki kuloci, ya yi gurnani kamar zai tashi, ya sake lafewa. A ƙarshe dai na bar shi a gida, na tari mota, na isa makaranta ƙarfe tara da rabi. Hedimasta bai ce mini komai ba, agogonsa kawai ya duba.

Da yamma na tura shi wurin wani matashin bakanike a bakin layinmu. Bai tambaye ni komai ba. Ya buga kik sau biyu, ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Malam, CDI ne ya ƙone, ruwa ya taɓa shi." CDI wani ɗan akwati ne baƙi da ke tsara lokacin da wuta za ta je wa fulogi. Na biya aka sayo sabo. Kafin ya ɗaura sai da ya kwance kabureta ya hura mata iska ya mayar, babur kuwa ya tashi. Na yi murna, na yi godiya, na hau. Ban yi tafiyar minti uku ba ya fara shaƙewa, ya mutu a tsakiyar hanya. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu na san abin da ya tayar da shi a lokacin: kaburetar da aka zazzage ce ta ɗan samu mai mai kyau, sabon CDI bai tsinana komai ba.

Washegari wani ɗan acaɓa da muke sallah masallaci ɗaya ya kai ni wurin wani dattijo da ke gyara a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ba shi da allo, ba shi da shago, sai akwatin ƙarfe da benci da yara biyu masu koyon aiki. Na fara zayyana masa abin da aka canza, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ina ya kwana ranar da ya ƙi tashi?"

"A tsakar gida, Baba."

"An yi ruwa?"

"An kwana ana yi."

"To, ruwa ba ya tsami banza. Kai, miƙo mini gorar nan."

Yaron ya kawo wata tsohuwar gorar ruwa ta roba, fara tas, an yanke mata kai. A ƙasan kabureta akwai ɗan kofi inda mai ke taruwa kafin injin ya ja, kuma a gindin kofin akwai wani ɗan sukuru da ban taɓa lura da shi ba duk shekara biyar da nake hawan babur ɗin. Baba ya tara gorar, ya sassauta sukurun, abin da ke ciki ya tsiyayo. Ya ɗaga gorar saitin rana ya ce in duba. Hawa biyu na gani. A sama fetur, a ƙasa kuma wani abu fari garai ya kwanta, da ɗan jan tsatsa a cikinsa. Gani ya kori ji.

Fetur bai kai ruwa nauyi ba, kuma ba sa gauraya, don haka duk ruwan da ya shiga tanki gindi yake sauka ya kwanta. A nan ne Baba ya nuna mini ɓarnar da na yi da hannuna. Makunnin mai na babur hanya biyu gare shi. In yana kan daidai, ta wani ɗan bututu mai tsayi yake jan mai, daga saman abin da ya kwanta. In ka mayar da shi rizab, daga can ƙasan tanki yake ja. Wato da safen nan da na juya shi rizab ina ganin na yi wayo, ruwan da ke kwance na buɗe wa hanya ya cika kabureta. Duk kik ɗin da na yi ta bugawa bayan nan, ruwa nake ɗura wa injin.

Ya buɗe murfin tanki ya juya shi, ya nuna mini robar da ke zagaye da bakinsa. Ta bushe ta tsattsage kamar faso. Ta nan ruwan indararo ya samu hanya. Amma ya ce tsatsar da muka gani ba ta kwana ɗaya ba ce, ya tambaye ni yadda nake shan mai. Na yi dariyar yaƙe. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a cikin Yulin ma ta wuce 600, ban ƙara cika tanki ba. Lita ɗaya, lita ɗaya da rabi, wani lokacin a kwalba wurin 'yan bumburutu in na makara. Tankin da kullum yake kusan wayam iska ce cike da shi, iskar damina kuwa da laima take, in dare ya yi sanyi sai ta zama raɓa a jikin ƙarfen daga ciki, ta gangara ƙasa. Ba zan ɗora wa mai sayar da man kwalba laifi ba, don ban kama shi da komai ba, amma jarkar da ke yini a bakin titi cikin damina ba abin da za ka rantse a kanta ba ne.

Gyaran kansa bai ɗauki awa ɗaya ba. Suka cire tanki suka juye shi kaf, suka ɗauraye da fetur mai kyau, suka wanke 'yar rariyar da ke kan makunnin mai, suka kwance kabureta suka hure ƙananan kafofinta, aka sa sabuwar roba a murfi. Robar nan ita ce mafi arha a duk abin da na saya cikin kwana biyun.

Abin da ya fi gyaran amfani a wurina shi ne zaman da na yi a kan bencin. Baba ya ce ko Boxer ne ko Jincheng ko Lifan, injin abu uku yake nema kafin ya tashi: mai, wuta, da matsi a cikin silinda, sai kuma iskar da zai shaƙa. Kowanne akwai yadda ake ganinsa da ido ko a ji shi da hannu ba tare da an sayi komai ba. Ya sa na gwada wuta da kaina, bayan ya sa an matsar da babur nesa da inda aka zubar da mai, don tartsatsi da fetur ba sa wasa. Na cire fulogi, na mayar da shi cikin hularsa, na jingina ƙarfensa a jikin injin, yaro ya buga kik. Garin rawar jiki na riƙe ƙarfen da yatsa, wuta ta fizge ni har gwiwar hannu, yaran suka tuntsire da dariya. Karo na biyu na riƙe ta roba, na ga tartsatsi shuɗi yana tsalle ƙyas-ƙyas. Baba ya sa aka mayar da tsohon CDI ɗina, da ma yana cikin aljihuna, aka sake gwadawa. Wuta iri ɗaya. Lafiyarsa ƙalau.

Matsi kuma da babban yatsa ake jinsa. Ka toshe ramin fulogi, a buga kik. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, fistin da ringi da bawul suna nan da ransu. In ka ji lakwas, wannan aikin ya wuce na ƙofar gida. Shi kansa fulogin da ka cire labari yake ba ka. In bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, injin na ƙona mai daidai. In ya yi baƙi da busasshen hayaƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In baƙin da maiƙo ne, baƙin mai na haurowa inda bai kamata ba. In kuwa ka same shi jiƙe yana warin fetur bayan ka sha buga kik, to ka shaƙe shi da mai ne, sai ka sauke cok, ka busar da fulogin, ka murɗe totur har ƙarshe ka buga. In da na san wannan ranar Litinin, da na lura cewa sabon fulogin da na ɗaura ya jiƙe amma warin fetur ɗinsa bai kai ya kawo ba.

Ban ga laifin matashin nan sosai ba. Canza kaya ya fi bincike sauri, kuma mu masu babur mu ne muke tsaye a kansu muna duba agogo. Ni ma ai fulogi na fara saya kafin in duba komai, don kawai mai shayi ya faɗa da ƙarfin murya.

Cikin watan Disamba, da hunturu ya kankama, babur ɗin ya sake yi mini gardama da sassafe. Wannan karon ban turo shi waje ba, don kada majalisa ta haɗu. Na duba makulli da makunnin mai. Na tara gora na sassauta sukurun nan, fetur zalla ya fito. Na cire fulogi, na same shi baƙi ƙirin, busasshe. Sai na buɗe akwatin da ke gefe na ciro soson da ke tace iska, ashe ƙurar hanyar ƙauye ta toshe shi har ya yi tauri kamar ƙanzo. Na wanke shi da kalanzir, na matse, na bar shi ya sha iska, na ɗiga masa baƙin mai kaɗan na mayar. Fulogin kuma na goge bakinsa da buroshin ƙarfe. Bugu na biyu ya tashi.

Buhunan taki sun daɗe da barin zaure, babur ya koma makwancinsa. Gorar da aka yanke wa kai tana cikin jakar kayan aikina tare da sifanar fulogi. Sabon CDI kuwa yana nan a kan kabad cikin ledarsa. Na kai wa mai shagon ya karɓa ko da ragi, ya ce kayan wuta in an ɗaura ba a dawo da su.