Godiya Bayan Jinya, da Daren da Na Saurari Turangalîla

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, Allah ya tashi kafaɗata. Wata biyu ke nan da aka yi mini aikin ƙafa a nan Paris, yau ga ni ina hawa bene ba sanda. Likitoci da ma'aikatan jinya, da 'yan uwanmu na Nijar da Najeriya da suka riƙa sintiri da kunu a fulas, da Inna da ba ta taɓa tsallake kiran asuba ba, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Godiya ta musamman ga maƙwabciyata, dattijuwa Bafaranshiya da ta yi ritaya daga koyar da fiyano, wadda nake kira Mama. Da ta ga zaman ɗaki ya fara cin raina, sai ta sayo tikiti biyu, ta riƙe mini hannu har zauren kiɗa. Abin da muka saurara shi ne Turangalîla, simfoni (wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) na Olivier Messiaen, Bafaranshe mai tsara kiɗa. Tun a mota take ba ni labari: tsakanin 1946 da 1948 ya tsara shi, bisa roƙon wani jagoran makaɗa, Serge Koussevitzky, aka fara kaɗa shi a Boston ta Amurka a watan Disamba 1949, Leonard Bernstein na jan ragamar makaɗa. Sunan kiɗan daga Sanskrit ne, tsohon harshen Indiya, jigonsa kuwa soyayya da farin ciki.

Kashi goma ne, kusan minti 80, makaɗa wajen ɗari. Tun farko manyan ƙahonin tagulla suka saki wata murya mai nauyi da ta tuna mini kakakin fada, har na ji ta a ƙirjina. Messiaen ya kira wannan karin da sunan gunki, kuma yana ta dawowa har ƙarshe. Amma abin da ya tafi da hankalina wata 'yar na'ura ce mai aiki da lantarki, ondes Martenot, wadda aka fito da ita a 1928. Mai kaɗa ta tana sanye da zobe a yatsa, tana jan sa a kan zare, sauti na sulalewa sama kamar guɗar biki, ya ratsa duk sauran kayan kiɗan.

Kashi na biyar rawa ce zalla, mai sauri, ba numfashi. Sai na shida ya zo, wanda Messiaen ya kira lambun barcin soyayya. Nan goge suka kwantar da murya a hankali, fiyano na kwaikwayon kukan tsuntsaye a samansu. Mama ta raɗa mini cewa mutumin ya sha shiga daji yana rubuta kukan tsuntsu a takarda. Ni da na yi makonni ba na barci saboda zogi, a wannan kashin na ji jikina ya saki, hawaye suka zubo, ban share ba. A ganina shi ne zuciyar aikin duka, ko da yake masu son hayaniyar na biyar ba za su yarda ba.

Mama, na gode, na gode. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Duk wanda ya kira, ya zo dubiya ko ya yi mini addu'a daga nesa, Allah ya bar zumunci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.