Abin da na gani a horon ma'aikatan lafiya kan masu tunanin kashe kansu a Katsina

Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ya fi babban likita ganin masu ciwon damuwa, sai dai ba da wannan sunan suke zuwa masa ba. Mace za ta zo ta ce kanta na sara, ƙirjinta ya yi nauyi, wani abu na yi mata yawo a jiki, barci ya ƙaurace mata. A gwada ta zazzaɓin cizon sauro, a ba ta farasitamol da maganin ƙarin jini, ta tafi, bayan mako biyu ta dawo da kukan nan dai. Saboda irin waɗannan ne ni da wasu abokan aikina, da muka karanci jinyar masu taɓin hankali, muka shirya horo a cikin garin Katsina. Mun tara ma'aikatan lafiya na matakin farko da ungozomomi da masu jinyar marasa lafiya a gida. Yawancinsu daga Jibiya da Batsari da Safana suka zo, inda 'yan bindiga suka hana mutane sakat, kuma da damansu a makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura suka yi karatu.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Matar da ke ƙauyen Safana ba za ta je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato don ta kasa barci ba. In ba a gano ciwonta a asibitin ƙauyensu ba, to ba inda za a gano shi. Shi ya sa muka ɗora horon a kan tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, wanda aka tsara musamman don ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukumar ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke.

Darasin alamomin ciwon damuwa bai ba su wahala ba: baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya kai mako biyu, har ya hana mutum harkokinsa. Nan da nan suka riƙa cewa ai sun san masu irin haka. Inda aka yi turjiya shi ne da muka zo kan tambaya. Wani dattijon ma'aikaci ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in na tambaye ta ko tana tunanin kashe kanta, ai ni na sa mata abin a rai." Ɗakin duk ya goyi bayansa. Na gaya musu an daɗe ana binciken wannan, kuma tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Wanda kuwa yake da shi, sau da yawa sauƙi yake ji don ya samu wanda zai faɗa wa.

Bayani kaɗai bai isa ba, sai da muka sa su gwaji. Mutum biyu su zauna, ɗaya mara lafiya, ɗaya ma'aikaci. Dattijon nan, wanda ya shekara da shekaru yana allura da ɗinkin rauni, ya zauna gaban abokiyar aikinsa ya fara da kyau: yaya barci, yaya cin abinci, yaya zuciya kwana biyun nan. Da ya iso bakin tambayar sai ya gyara hularsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Allah dai ya sawwaƙe." Muka ce ya sake. Ya sake, ya ce, "Ba dai kina tunanin wani mugun abu ba ko?" Wannan kuwa tambaya ce da ta zo da amsarta, ba mai ce mata e. Sai da ya maimaita har bakinsa ya saba, ya iya cewa a natse, "'Yata, akwai lokacin da kike jin kin gaji da duniya? Kin taɓa tunanin kashe kanki?" Ana tambayar tunani ko shiri a cikin wata ɗaya da ya wuce, da kuma ko mutum ya taɓa cutar da kansa a cikin shekara ɗaya, don wanda ya taɓa gwadawa shi ya fi kowa shiga haɗari. A ganina, horon da bai sa kowane mahalarci ya furta wannan tambayar da bakinsa ba, ɓata lokaci ne.

Wata ungozoma daga Batsari ta kawo abin da littafi bai faɗa mana ba. Ta ce a asibitinsu mai jego ba ta zuwa ita kaɗai, uwar miji na tsaye a kanta, wani lokacin har da kishiya, kuma ɗakin labule kawai ya raba shi da masu jira. Wa za ta buɗe cikinta a haka? Dabararta ita ce ta ce, "Inna, ki ɗan ba mu wuri zan duba ta," ta ja yarinyar ɗakin awo, ta yi ƙasa da murya. Kowa ya rubuta wannan.

Sai kuma abin da za a yi in amsar ta zo e. Da yawansu abin da ya fara fita bakinsu a gwajin shi ne, "Subhanallahi! Ki yi istigfari!" Ni Musulma ce, na san kashe kai haramun ne, kuma ita mara lafiyar ta sani, shi ya sa ma ta ɓoye abin tsawon watanni tana ganin kanta a matsayin wadda ta halaka. In aka tare ta da wa'azin wuta a daidai lokacin da ta buɗe baki, ba za ta sake buɗewa ba. Ayar Suratun Nisa'i ta 29 da ta hana kashe kai, da ambaton jinƙan Allah ta ƙare, kuma ta nan muka ce su shiga in lokacin maganar addini ya yi. Kafin nan a saurara, a gode mata da ta faɗa, kada a bar ta ita kaɗai, a nemi wanda ita ta amince da shi a cikin dangi, a tura ta babban asibiti ranar nan in haɗarin ya yi kusa. Ba mu ce su yi faɗa da masu kai ta wurin malam a yi mata tofi ko ruƙiyya ba. A yi addu'a, a kuma zo asibiti. Abin da muka ce kada su yi shiru a kai shi ne duka da ɗauri da mari.

Mun daɗe a kan maganin feshin gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da shi suke yi. Matsanancin ƙuncin da ke ingiza mutum sau da yawa na ɗan lokaci ne, in abin bai kusa da hannu, sai guguwar ta wuce yana raye. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da mafi haɗari daga cikin magungunan, yawan masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A ƙauyukanmu kuwa da damina za ka tarar da shi an ɗura a gorar lemo, an tura ƙarƙashin gado. Don haka ma'aikaci zai zauna da maigida ya ce a fitar da shi daga gidan ko a kulle, makulli a hannun mutum ɗaya. Haka ma maganin da aka rubuta wa mara lafiyar, ɗan'uwa ne zai riƙe, kuma kaɗan-kaɗan ake bayarwa.

Maganar doka ta tayar da hankalinsu. Sashe na 231 na dokar hukunta laifuka ta Arewa (Penal Code) ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Shi ya sa dangi ke kawo yarinya a galabaice su ce bisa kuskure ta sha guba, a yi mata magani a sallame ta, ba wanda ya tambayi dalili. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba marasa lafiya haƙƙoƙi, amma ba ta goge wancan sashen ba. Ra'ayina a fili yake: wanda ya kai wannan matsayi magani yake buƙata, kuma tsoron 'yan sanda na hana a ceto rayuka.

Ana cikin darasin abin da ke biyo bayan firgici, wata matashiyar ma'aikaciya ta kife kanta a tebur ta fashe da kuka. An taɓa ɗauke yayanta, har yau ƙarar babur da dare na hana ta barci, kuma da safe ita ce ke duba waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Muka ajiye jadawalin ranar. Ashe kusan kowa a ɗakin na da irin nasa. Daga nan muka haɗa su biyu-biyu, kowa da wanda zai kira in wani mara lafiya ya tsaya masa a rai, ko in an rasa wani duk da ƙoƙarin da aka yi.

Bibiya ita ce ta fi wuya bayan an watse. Tsarin mhGAP ya ce a riƙa tuntuɓar mutum aƙalla duk mako a watanni biyun farko, sannan a rage yayin da yake samun sauƙi. Wasu suna yi ta waya, wasu sukan biya gidan da sunan duba jariri don kada maƙwabta su gane. Muna da zauren WhatsApp da suke kawo tambaya, ba suna, ba hoto, ba sunan unguwa. Abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne an gano mutum, an rubuta takardar turawa Katsina, amma ba kuɗin mota, ko hanyar ba ta biyuwa. A horo na gaba za mu gayyato masu kemis da masu sayar da maganin feshi a kasuwannin ƙauye, da limamai, sannan mu nemi ƙwararre ya riƙa zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomin ko da sau ɗaya ne a wata.