Sitiroberi ba ya jiran mai saye

Ƙannena masu kallon hotunan sitiroberin Jos a waya ranku yana biyawa, ku tsaya ku ji yadda ta kaya da ni kafin ku saki kuɗinku.

Chaha, ƙauyen nan na kusa da Vom a Jos ta Kudu, shi ya sa mana kwaɗayi. Tsaunukan Filato sun kai wajen mita 1,200 sama da teku, kuma sanyin hunturunmu shi wannan shuka take so. Daga Nuwamba ake fara tsinka har zafin bazara ya kunno kai, dillalai suna kwasa zuwa Abuja da Legas. Da muka ga haka, mu samarin unguwarmu muka kama hayar filaye a bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza, muka dasa. Shekarar farko Allah ya ba da sa'a. Kaya kaɗan ne, dillali yana biyo mu har gona da kuɗi a hannu.

Wannan ribar ce ta rufe mini ido. Na kwashe adashena, na ranci kuɗi wurin yayana, na ninka gonar sau uku. Ban tambayi kaina wa zai sayi ƙarin ba, kuma ban lura maƙwabtana duk lissafin da suka yi ke nan ba. A watan Janairu gonakinmu suka nuna lokaci guda, dillalinmu kuwa ɗaya ne tal. Ya faɗi farashin da ya ga dama. Na yi fushi na hana shi, na ce gobe zan kai kasuwar Farin Gada a Jos da kaina.

Ranar na koyi abin da ya kamata in sani tun kafin in huda ƙasa. Da tsakar rana na tsinke sitiroberin, yana ɗauke da zafi, na jibge shi a kwando kamar tumatir. Kafin gari ya waye na ƙasa ya dame, ruwa ja yana ɗiga. Kwana biyu sauran ya yi fumfuna. Manomin dankali zai iya ajiye buhunsa ya jira kasuwa, mai albasa ma haka. Sitiroberi in ba sanyi, kwana ɗaya ko biyu ne ransa, kuma dillali ya fi ka sanin haka. Da sanyin safiya ake tsinka da ɗan hancinsa, a jera a ƙananan robobi, kada a wanke, a sa a inuwa nan take. Mu kuwa ko ɗakin sanyi na haɗin gwiwa ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa cinikinsa. Wannan har yau yana ci mini rai.

Sai batun iri. Shukar tana fitar da yaɗo, da shi ake yin dashe. Don gudun kashe kuɗi na yi ta maimaita yaɗon gonata shekara huɗu a fili ɗaya, 'ya'yan suna ƙanƙancewa, cuta tana bin saiwa. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin tayar da injin ban-ruwa ya ƙarasa mu. Ɗaya bayan ɗaya abokaina suka koma kabeji da karas.

Mutanen Chaha suna nan suna nomansu, don haka ban ce kada ku shiga ba. Amma ku fara zuwa ku yi kaka guda a gonar wanda ya daɗe a harkar. Ku samu masu saye biyu ko uku, ku ji yawan da kowa zai iya ɗauka a mako, sannan ku auna fili daidai da haka. Kada ku faɗaɗa da bashi.

Sai da na shekara biyu kafin na gama biyan yayana. Yanzu kunya shida kawai nake dasawa, saboda wata baiwar Allah mai yin kek da yogot a unguwar Rayfield ta Jos, wadda take aiko yaronta ranar Talata da Juma'a da ƙarfe bakwai na safe.