Ɗana, duba fatar kafin ka miƙa man shafawa

Wani yaro mai koyon sayar da magani a nan Damagaram na gani ya miƙa wa wata uwa man shafawa mai betamethasone, ko hular ɗanta bai ɗaga ba. Ta ce ƙaiƙayi, ya ce ga shi. Raina ya ɓaci, domin ni ma haka na yi shekara da shekaru.

A lokacin duk abin da ya fito a fata ƙuraje nake ce masa, wannan man kaɗai nake bayarwa. Kuma kamar yana aiki, shi ya ruɗe ni: kwana kaɗan ja ya kwanta, susa ta tsaya, a dawo ana sa mini albarka. Ashe kumburi kawai yake dannewa, ba ya kashe cutar. Makero sai ya ci gaba da yaɗuwa, zobensa ya ɓace har likita ya sha wuyar gane shi, fata ta yi laushi, nankarwa ta fito. Ba wanda ya koya mana, gaskiya. Kuma mutumin da ya taso daga ƙauye da ɗan guzirinsa, yaya za ka sallame shi hannu wofi? Duk da haka ina da ido, ban duba ba. Yara nawa suka yi tabo a kai ta dalilina, Allah kaɗai ya sani.

Ku kuwa waya na hannunku, amma sai kallon bidiyo. To ka saurara.

Susar dare a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu, ga wasu a gidan suna yi, kazuwa ce. Maganinta na shafawa ne, benzyl benzoate mai kashi 25 cikin ɗari ga babba, a sirka da ruwa rabi da rabi ga yaron da ya haura shekara biyu, a shafe daga wuya zuwa tafin ƙafa, a bar shi awa 24. Kowa a gidan rana ɗaya, tufafi da shimfiɗa a wanke da ruwan zafi. Susa kan yi makonni bayan magani, kada ka ruɗe.

Makeron kai kuwa, man shafawa ba ya kaiwa saiwar gashi. Sai an sha griseofulvin sati 6 zuwa 8.

Farin tabon da ke garin ɓawo in an kankare, kyasbi ne. Wanda ba ya ƙaiƙayi, ka sa mutum ya rufe ido ka taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, yana iya zama kuturta. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko 12, jinkiri kuwa yatsu yake ci.

Da na so in ce kada ka ba da komai sai likita ya gani. Amma kazuwa ba ta jira, ka ba da. Wanda ba ka gane ba dai ka tura shi asibiti, ko da zai tafi yana ƙunƙuni.