Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu

Laraba, ajin Malama Hadiza ƙarfe goma. Na shiga a makare, mai kabu-kabun da na hau ya tsaya shan mai a Dandima. Sai kujerar baya na samu, kusa da tagar nan da ba ta rufuwa.

Labarin nan ne "Sonny's Blues" na 1957, na marubucin Amurka James Baldwin, wanda ta ce mu karanto tun makon jiya. Wa da ƙane a unguwar Harlem ta birnin New York. Wan malamin lissafi ne, magidanci, a jarida ya ga an kama ƙanensa da ƙwaya. Shi kuwa ƙanen ba abin da ya sa a gaba sai fiyano. Ina gyangyaɗi na karanta shi daren jiya, amma kun san ni, hannuna ne farkon tashi. Na ce wan ba shi da laifi ko na anini. Uwa ta bar masa amana kafin ta rasu, yaro ya ce shi kiɗa zai yi ya ci abinci, to me ake so ya yi, ya tafa masa? Har na ƙara da cewa a nan in yaro ya ce zai bar boko ya koma situdiyo, rubutu za a nemo masa ya sha. Aji ya kwashe da dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta cire gilashi, ta goge da bakin mayafi, ta ce, "Abubakar, a shafi na nawa wan ya fara zama ya saurari kiɗan ƙanensa?"

Na kama juya takardu kamar amsar za ta faɗo. Nafisa daga gaba ta ce, "Sai ƙarshe, Malama."

"Sai ƙarshe," in ji ta. "Ko wasiƙa bai aika masa a tsare ba sai da shan inna ya kashe masa 'ya."

Daga nan ta wuce maganar haske da duhu a labarin, da ɗan'uwan mahaifinsu mai gita da Turawa 'yan giya suka take da mota. Ana ta rubutu. Ni birona a hannu kawai yake.

Sati uku ke nan waƙar ƙanena Bashar tana kwance a WhatsApp ɗina. Ya turo, ya rubuta a ƙasa, "Yaya ka saurari wagga, ka hwaɗa min gaskiya." Amsar da na ba shi: "Ka biya kuɗin jarrabawar?" Shi ke nan. Ban taɓa danna ta ba.

Abin da ya fi cina shi ne Baba. Kullum bayan isha'i sai ya sa Narambaɗa a 'yar rediyonsa, yana bin amshi, yana kaɗa yatsa in an zo kirarin doki. Tambaye shi Salihu Jankiɗi, zai kwana yana ba ka labarin Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Amma ranar da ya ga fiyanon aro a ɗakin Bashar, kalma ɗaya ya yi: "Gidanga ba mu gadi roƙo ba." Ina tsaye riƙe da buta. Gyaɗa kai na yi. Bashar ni ya kalla, ba Baba ba.

Rana, wake da shinkafa da mai da yaji. Zafi kamar a toya ƙwai a kan kujerar mashin. Sadiq har yau bai maido min littafina ba.

Ɗazu na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na toshe kunne, na danna. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Farkon hayaniya ce zalla, na'ura ta matse masa murya kamar daga cikin gwangwani yake magana. Har na kai hannu zan kashe, sai ya shiga wani baiti a kan Inna tana hura wutar masa da asuba, hayaƙi na sa ta hawaye tana cewa sanyi ne. Ni ma na sha ganin haka. Ban san shi ma yana farke ba.

Sau biyu na maimaita. Na rasa abin rubutawa, sai na ce, "Ka rage ƙarar gangar, tana danne muryarka."

Tun ɗazu yake rubutu yana gogewa.